Dogon Kan Babur: Inci Nawa Ya Ishi Matafiyi?

Tun daga watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a birnin Kano bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, matsayin babur ya sauya a garin nan. Adaidaita Sahu ta gaje aikin acaɓa, babur kuwa ya koma abin hawan mai shi. Ma'aikaci ne ke kansa, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye, ko magidancin da iyayensa ke Rano ko Gaya ko Ɗambatta, wanda ba ya son zaman jiran mota ta cika a tasha. Duk wanda ya tsaya bakin titin Zariya wajen Unguwa Uku da sassafe zai ga irinsu suna barin gari, an ɗaure jaka a kariya da roba, an naɗe fuska saboda ƙura. Jefi-jefi kuma sai ɗaya daga cikin manyan baburan nan ya gifta, irin waɗanda ƙararsu ke riga su isowa.

Babur ɗin da za ka hau daga Ƙauyen Alu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano a Gyadi-Gyadi, ko yaya zamansa yake za ka jure, domin kafin jiki ya fara ƙorafi ka sauka. Wanda za ka zauna a kansa awa biyu da rabi zuwa Zariya, ko awa uku zuwa Katsina, wani abu ne daban. A nan ne ƙugu ke fara magana, wuya ya sage, kafaɗa ta ɗauki zafi. Kuma a nan ne mai babur ke fara kallon kan mashin ɗinsa yana tunanin ko laifinsa ne. Ga shi kuma wayar hannu ta cika da bidiyon Turawa a kan dirka-dirkan babura, hannuwa a sama, ƙirji a buɗe, suna tafiya cikin ƙasaita. Sai saurayi ya nufi wurin bakanike da hoto a waya ya ce, "Oga, irin wannan nake so ka sa min." Idan bakaniken mai amana ne, tambayar da zai fara yi masa ita ce ina yake zuwa da babur ɗin.

Dogon kai ba a nan aka haife shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari a Amurka, da yawansu waɗanda suka dawo daga fagen fama, suka riƙa sayen baburan Harley-Davidson suna cire duk abin da suka ga nauyi ne kawai, suna sake musu fasali yadda ransu ke so. A shekarun 1960 salon ya kai ga miƙa tayar gaba can nesa da kuma ɗaga kai sama, sannan fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yaɗa hoton a duniya. Asalinsa ke nan, ado da nuna isa. Daga baya ne aka fara ɗora shi a kan baburan doguwar tafiya na kamfanin, irin su Road King da ya fito a 1994, da Street Glide, da Road Glide. Kowanne cikinsu ya haura kilo 350, wato ya ninka Bajaj Boxer kusan sau uku. A kasuwarsu ana sayar da kan ne da lamba: inci 10, 12, 14, 16, 18, har abin da ya fi haka. Muhawarar masu waɗannan babura ba ta ƙarewa, wannan ya ce 12, wancan ya rantse da 16.

Masu goyon bayan dogon kai suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kamfani yana ƙera babur ne da awon matsakaicin mutum. Dogon mutum idan ya hau, dole ya rusuna kafin hannunsa ya kai, bayansa ya lanƙwashe, sannan ya ɗaga haɓa don ya ga hanya. Awa ɗaya a haka ta isa ta sa masa ciwon wuya. Idan aka ɗaga masa kan da inci biyu ko uku, sai bayansa ya miƙe, numfashinsa ya sake, ya sauka da sauran ƙarfinsa. Wannan gaskiya ne. Inda aka ɓata shi ne zaton cewa tunda ƙarin inci biyu ya yi daɗi, ƙarin inci takwas zai ninka daɗin sau huɗu.

Abu na farko da ke ruɗar mai saye shi ne ita kanta lambar. Idan an ce kai mai inci 14 ne, ana nufin daga inda aka damƙe shi da noti a saman ƙafafun gaba zuwa ƙololuwarsa. Lambar ba ta san inda sirdinka yake ba, ba ta san inda kafaɗarka take ba. A wani babur wurin damƙar yana ƙasa, a wani an riga an yi masa matashi ya ɗago. Wani sirdin yana da rami mutum ya nutse ciki, wani a cike yake. A wani kan, wurin riƙon yana daidai da ƙololuwa, a wani kuma ya sunkuyo ƙasa da inci ɗaya ko biyu. Saboda haka kai mai inci 12 a kan wannan babur yana iya kai hannunka inda mai inci 14 zai kai shi a kan wancan.

Haka ma tsawon mutum ba ya yanke hukunci. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa tsawonsu ɗaya, amma su zauna a benci ɗaya ka ga wani ya ɗara wani da tafin hannu, domin ɗaya tsawonsa a ƙafa yake, ɗaya a gangar jiki. A kan babur a zaune kake, don haka tazarar da ke tsakanin mazauninka da kafaɗarka ita ce abin lura, sai kuma tsawon hannunka. Ba wanda ke kai wa tela awon maƙwabcinsa don kawai rigar maƙwabcin ta burge shi, amma a harkar babur kullum sai an yi hakan: abokina ya sa 14 ya ce ya ji daɗi, ni ma a sa min 14.

Akwai kuma batun soso. Mu nan mun saba kai sirdi wurin masu ɗinkin kujera a ƙara masa soso ko a rage. Ƙarin soson nan yana iya ɗaga ka da inci ɗaya ko fiye, wanda daidai yake da an sauke maka kan babur da wannan adadi. Wanda ya sayi kai tukuna sannan ya je ya gyara sirdi ya ɓata awonsa da hannunsa. Sirdi ake fara daidaitawa.

To ina iyakar take? Kafaɗa ce. Idan ka zauna daidai, hannunka a kan robar riƙo ya kasance ƙasa da kafaɗarka kaɗan, ko a ƙalla kada ya wuce ta, gwiwar hannu kuma da ɗan lanƙwasa, ba a miƙe sambal ba. Dalilin a jiki yake. Hannun babban mutum guda ɗaya, daga kafaɗa zuwa yatsu, ya kai kilo 3 zuwa 4. Muddin yana ƙasa da kafaɗa, kan babur ne ke ɗauke da rabon nauyin nan, naman kafaɗa yana hutawa. Da zarar ya haura, sai mutum ya koma rataye, naman wuya da na kafaɗa su ɗaure, kuma jini sai ya yi hawa kafin ya kai yatsu. Minti goma na farko ba za ka ji komai ba, shi ya sa gwajin zagaya unguwa ke yaudarar mutane. Kafin ka wuce Kura ka kai Kwanar Ɗangora, minjirya ta fara bin yatsu. Yatsun nan kuwa su ne za su damƙi birki idan akuya ta faɗo titi, su ne za su ja kuloci. Hannun da ya mutu yana makara, makarar daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 90 cikin awa kuwa tafiyar mita 25 ce.

Ba tsayi kaɗai ke kawo minjirya ba. Yadda wuyan hannu ya zauna a kan robar yana da nasa rabon. Jijiyoyin da ke kai ji ga yatsu ta wuyan hannu suke ratsawa, ta wata 'yar ƙunƙuntar hanya, kuma idan hannu ya karye sama ko gefe na tsawon lokaci sai su matsu. Ƙara da girgizar inji, musamman ƙananan baburanmu masu silinda ɗaya da ke kaɗa hannu idan an ja totur, dogon bututu kuma yakan ƙara kaɗawar. Don haka kai yana da awo huɗu ne, ba ɗaya ba: tsayinsa, faɗinsa, yadda ya lanƙwaso baya wajen direba, da kuma karkatar wurin riƙo. Na sha ganin an damu da na farko an manta da sauran ukun, alhali lanƙwasowa baya ita ce maganin mafi yawan masu ciwon baya. Mutumin da ke miƙa hannu yana neman kai, ba tsayi yake buƙata ba, a matso masa da shi kusa yake buƙata.

Akwai wani abu da masu cewa dogon kai yana miƙar da baya ba sa faɗa. Zama a miƙe ƙyam, ko ma a ɗan kishingiɗe da ƙafafu a gaba, yana da daɗi a kan titi mai santsi. A kan ramuka kuwa, duk dukan da tayar baya ta sha kai tsaye yake hawa ƙashin bayanka, domin ba ka da yadda za ka yi ka ɗan ɗaga mazauni ka bar cinya da gwiwa su shanye shi. Wanda ya ɗan karkato gaba, ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, idan ya hango rami sai ya taka mataki ya ɗan tashi, babur ya yi tsallensa shi kaɗai. An yi wa hanyar Kano zuwa Zariya aiki a cikin babban aikin titin Abuja da aka fara a 2018, amma ba duk tafiya ce ke ƙarewa a kan kwalta ba. Wanda zai sauka daga babban titi ya shiga burji da yashi kilomita 15 kafin ya kai ƙauyensu, da wannan ragowar hanyar zai yi awo.

Sai sarrafa babur, wanda a wurina ya fi duk sauran muhimmanci. Mahaya da yawa suna yin wani abu kullum ba tare da sun lura ba: idan babur yana gudu kuma kana son ya kwanta dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba. Tayar ta ɗan kauce hagu na ƙiftawar ido, babur ya karkata dama, sai ya shiga kwana. Da wannan 'yar turawar ake kauce wa rami, da ita ake kauce wa mai Adaidaita Sahun da ya yanke shawarar tsayawa babu sigina. Turawar tana da ƙarfi da sauri ne idan damtsen hannu yana kusan kwance, gwiwar hannu a bayan robar, ta yadda ƙarfin zai tafi gaba kai tsaye. Idan hannu yana sama da kafaɗa, wani ɓangaren ƙarfin sama yake tafiya, gwiwar hannu ta riga ta miƙe babu sauran abin miƙawa, sai mutum ya koma tuƙi da kafaɗa da gangar jiki. Babur zai juya, amma ba da saurin da kake buƙata a shataletalen Dangi da yamma ba.

A tafiyar sannu abin ya fi fitowa fili. Ɗauki lungu irin na Ƙauyen Alu ko cikin Tarauni: kwata a hagu, dakalin wani a dama, mai kurar ruwa ya tokare gaba, dole ka juya. Ka karya kan gaba ɗaya zuwa hagu. Hannun hagu ya dawo wajen cikinka, na dama ya tafi can gaba. Idan kan dogo ne kuma mai faɗi, hannun daman nan, wanda shi ke riƙe da totur da birkin gaba, ya yi nisan da sai ka tashi daga sirdi ko ka rankwafa kafin ka riƙe shi. A wannan halin ne yatsu ke jan totur ba da niyya ba, ko su cafki birki taya tana karye, babur ya kwanta. Boxer idan ya kwanta ka sa hannu ka ɗaga abinka. Mai kilo 350 sai ka nemi taimakon 'yan unguwa, ga kuma yara sun taru. Kada kuma a manta da inda babur ke kwana. Gidaje da yawa a soro ake shigar da shi, ƙofa ƙarama, ga kwana a ciki. Kan da sai an karkata babur an yi dabara kafin ya shiga, safe da dare, mai shi zai gaji da shi tun kafin fentinsa ya dushe.

Birki ma yana da magana. Idan ka taka birki da ƙarfi, jikinka gaba yake tafiya, kan babur kake dafawa. Ƙarfin nan yana ƙarewa ne a wurin damƙa, kuma iya tsawon kai iya yadda yake murɗa wurin. Da turawa iri ɗaya, kai mai inci 16 yana murɗa madamƙarsa ninki huɗu na mai inci 4. Shi ya sa dogon kan da ba a ɗaure da kyau ba yake zamewa gaba daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Kai mai kyau za ka ga an yi masa zane-zanen ƙarci a inda ake damƙa don kada ya zame, kuma masu manyan babura kan sauya robobin da ke ƙarƙashin madamƙar da masu tauri, domin na asali suna barin dogon kai yana lilo.

Iska ba ta da wuyar fahimta. Ƙarfin da take tura ka da shi yana ninkuwa huɗu idan ka ninka gudu biyu, wato abin da ƙirjinka ke sha a gudun 100 ya ninka na gudun 50 sau huɗu. Mai hannuwa a sama ya buɗe mata ƙirji da hamata, kuma da yatsunsa yake riƙe kansa kada ta ture shi baya. Hannun kaftani kuwa ya buɗe baki yana kallon gaba. A watan Afrilu wannan ni'ima ce, ban musa ba. A watan Disamba da Janairu, a hanyar Daura da asuba cikin hunturu, azaba ce. Ga kuma bugun iskar tirela idan kun yi kiciɓis. Manyan baburan tafiya suna da garkuwa a gaba da aka ƙera don ta kare hannu da ƙirji, to idan ka ɗaga hannun ya fito samanta, ka biya kuɗin garkuwa ka kuma fita daga inuwarta. Wannan ne ya sa masu Street Glide da yawa ke tsayawa a inci 10 ko 12.

Yadda ake awo ba ya cin ko kwabo. Ka sami wuri mai shimfiɗe, ka hau babur ɗinka, wani ya riƙe maka shi a tsaye, ba a jingine kan jak ɗin gefe ba. Ɗora ƙafafu biyu a mataki, sa takalmi da rigar da kake tafiya da su. Ka zauna yadda kake zama idan ka gaji, ba yadda kake zama idan ana ɗaukar ka hoto ba. Riƙe sanda miƙaƙƙiya da hannu biyu, rufe ido, ka ɗaga ta ka sauke, ka matsar gaba ka dawo da ita, har ka sami inda kafaɗa ta saki, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe. Tsaya nan. Mutum na uku ya ɗauko tef ɗin awo ya auna daga madamƙar kai zuwa tsayin sandar, wannan shi ne tsayin da kake nema. Ya auna yadda sandar ta matso baya daga madamƙar. Ya sa alli a gefen hannuwanka biyu ya auna tsakaninsu, faɗin ke nan. Sannan ka buɗe ido ka dubi yadda hannunka yake son karkata a kan sandar, za ka ga ba a miƙe yake so ba, ƙarshensa yana son ya ɗan dawo baya ya ɗan sunkuya. A maimaita sau biyu ko uku, a ɗauki abin da ya fi dawowa. Idan awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramar. Kan da ya gaza da inci ɗaya ana iya yi masa matashi a ɗaga shi, wanda ya zarce kuwa sai dai a sake saye.

Mai son ya ƙara tabbatarwa sai ya sa a lanƙwasa masa siririn rodi a siffar kan da yake so, a ɗaura a kan na asali, ya zauna ya karya hagu ya karya dama har ƙarshe. Idan a kowane ɓangare mazauninsa bai bar sirdi ba, kuma ƙarshen rodin bai taɓa tanki ko cinyarsa ba, awon ya yi.

Daga nan sai lissafin kuɗi, inda mutane da yawa ke shan mamaki. Shi kansa ƙarfen ba shi ne tsadar ba. Duk abin da ke kan babur yana da igiyar da ta haɗa shi da jiki: wayar kuloci, wayar totur, wayar birki ko tiyon man birki, wayoyin fitila da hon da sigina da makunni. Kamfani ya yanke su daidai da kan asali, da ɗan rara kaɗan. Ƙarin inci ɗaya, wani lokaci biyu, rarar kan ɗauka idan an sake musu hanya. Fiye da haka sai an sauya su duka. A manyan baburan Harley na tafiya, tun daga 2008 totur ɗin ba da wayar ƙarfe yake aiki ba, da lantarki ne, kuma siraran wayoyinsa ta cikin bututun kan ake zura su, kwana bayan kwana. Wanda ke da birkin ABS kuma tiyonsa ba na kowane shago ba ne. Irin waɗannan kaya ba kasafai za ka shiga Ƙofar Ruwa ka fito da su a leda ba, yawanci sai an yi oda an jira. Kowane ƙarin inci biyu yana iya sauya jerin kayan da za ka saya.

Ko wane irin babur ne, bayan an gama ɗauri akwai gwajin da bai kamata a bar wurin bakanike ba a yi shi ba. A tayar da inji a bar shi yana aiki a hankali, a karya kai hagu har ƙarshe, a karya dama har ƙarshe. Idan ƙarar injin ta tashi da kanta, wayar totur ta ɗame, kuma wata rana a kwana za ta ja maka wuta ba ka nema ba. A duba hannun kuloci ko 'yar rararsa ta ɓace idan an karya, domin wayar da ta ɗame tana cinye faranti. A ɗaga gaban babur tayar ta bar ƙasa, a ga ko tiyon birki yana da sauran saki. A saki totur a ji ya koma da kansa da ƙara "ƙas". Sannan a daidaita hannun birki da na kuloci su bi layin damtse, yadda yatsu za su faɗa kansu ba tare da an karya wuyan hannu ba. Madubi ma ya tashi tare da kai, a tabbatar hanya yake nunawa ba sararin sama ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kan da aka ƙara wa tsawo da walda. A yanke na asali, a jona guntun bututun ruwa, a goge, a fesa fenti, ya fito fes. Bututun ruwa ba don ɗaukar girgiza aka yi shi ba, kuma gefen walda, inda wuta ta gasa ƙarfen, nan tsaga ke farawa a ɓoye ƙarƙashin fenti. Ba ta yin sallama. Haka kan da ya lanƙwashe a faɗuwa aka gasa shi aka miƙar. Ga kuma bambancin kauri: ƙananan baburan Indiya da Sin da Japan, irin su Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, kansu milimita 22 ne, na Harley kuwa inci ɗaya ne, wato milimita 25 da ɗoriya, wasu ma sun fi. Wanda ya sami siririn kai ya cusa gutsuren gwangwani a madamƙa don ta kama, ya sani ransa ya ɗora a kan gwangwanin nan. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba.

A Amurka, inda salon ya samo asali, har doka aka yi a kai. Jihohi da dama sun ce kada wurin riƙo ya wuce inci 15 sama da sirdi, wasu sun ce kada ya wuce kafaɗar direba. Kalifoniya ta yarda hannu ya haura kafaɗa, amma kada ya wuce inci 6. Dakota ta Kudu, inda ake taron mahaya na Sturgis duk shekara, ta soke tata dokar a 2015. Ko'ina aka ja layin, za ka ga da sirdi ko da kafaɗa aka auna, ba da lambar da ke jikin kwali ba.

Ya kamata kuma a dubi waɗanda suka yi doguwar tafiyar da gaske. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ya iso Legas a kan babur cikin kwana 41, ya ratsa Sahara, don yaƙi da cutar shan inna. Honda CB500X ya hau, mai kai matsakaici, mai ɗan faɗi, hannuwa ƙasa da kafaɗa sosai. Haka kan BMW GS yake, haka na Honda Gold Wing, baburan da aka fi sani da cin dogon zango. Masu ratsa yashi da duwatsu idan sun ɗaga kai, da santimita 2 ko 3 suke ɗagawa, don su ji daɗin tuƙi a tsaye. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga mai ƙaramin babur, wanda shi ne mafi yawan masu karanta wannan, shawarata kada ya fara da saye. Ya sa a kwance notunan madamƙa a ɗan juyo da kan baya ko gaba, rabin inci kawai, a ɗaure, ya yi tafiyar awa guda ya ji. Ya duba sirdinsa ko soson ya mutu. Ya duba ko kan ya karkace tun wata tsohuwar faɗuwa, domin kafaɗa ɗaya da ke ciwo ita kaɗai yawanci daga nan take. Idan duk wannan bai yi ba, a sa masa matashin ƙarfe na santimita 2 zuwa 3 da dogayen notuna masu ƙwari, ko a nemo kan wani samfurin mai kauri ɗaya da ya ɗara nasa kaɗan. Babur mai kilo ɗari da 'yan kai, mai siraran ƙafafun gaba da birkin ganga, ba a ƙera shi don kai mai inci 14 ba.

Mai babban babur kuwa awon sandarsa ne zai faɗa masa, amma ba zan yi mamaki ba idan matsakaicin mutum ya tashi da 10 ko 12, dogo mai doguwar gangar jiki ya tashi da 14. Daga 16 zuwa sama, in ba ga wanda Allah ya yi wa tsawo na musamman ba, kayan kwalliya ne. Ba laifi ba ne mutum ya so kwalliya, kuɗinsa ne, kuma a zagayen yammacin Sallah a titin Gidan Zu zai sha kallo. Amma ya san abin da ya saya, kada ya ɗauke shi ya nufi Abuja, tafiyar sama da kilomita 400, yana zaton ya sayi hutu.

Ku kuma iyayen gidanmu bakanikai da masu walda na Tarauni da Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, idan yaro ya zo muku da hoto a waya, ku zaunar da shi a kan babur ɗinsa ku miƙa masa sanda tukuna. In ya nace sai an jona masa bututun ruwa, ku ce masa ya kai wani wuri.